Ƙarar da Ɗalha Bai Ji Ba

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara a jerin garejojin Jerome Avenue a New York, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, da wuya a ce bai san Ɗalha Mai Giya ba, gwanin gyaran giyar mota. Bakano ne, haifaffen Fagge. Yana da shekara goma sha uku mahaifinsa ya danƙa shi ga wani bakanike a Sabon Gari, ya shekara biyu ba abin da yake yi sai wanke ƙarafa da kananzir kafin a bar shi ya riƙe sifana. A kan tasi-tasin Datsun ya koyi aiki. Ya zo New York a 1996, ya ja tasi shekara huɗu bai ji daɗinta ba, ya koma ƙarƙashin mota inda ya fi wayo. Da shi da matarsa Halimatu suna haya a hawa na huɗu a unguwar Highbridge, kullum a ƙafa yake gangarowa wurin aiki.

Kunne ne ya yi masa suna. Sai ya ɗora bakin dogon sukurdireba a jikin giyabos, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce, "Boris ɗin gaba ne." A buɗe, a tarar haka ne. Har daga Queens, can wani ɓangaren birnin, ake zuwa nemansa.

Abokin aikinsa Muniru ne, mutumin zangon Kumasi, Ɗalha ya girme shi da shekara goma sha biyar. Shekara goma sha ɗaya suna gareji ɗaya, kwano ɗaya suke ci da rana, Muniru bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai Masta.

Abin da Ɗalha bai gaya wa kowa ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Ƙarar jirgin ƙasa a saman gada da ta bindigar kwance noti a ƙasa, shekara da shekaru, sun ci rabonsu. Na hagu ne ya fara, na dama ya biyo baya a hankali. In aka yi masa magana bai kama ba sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. A masallaci ya koma zama kusa da lasifika. Da Halimatu ta yi ƙorafin ƙarar talabijin, cewa ya yi mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. A ransa kuwa ya san gaskiya, sai dai yana ganin ran da aka ji Ɗalha ba ya ji, ran nan Ɗalha ya ƙare.

Cikin watan Afrilu wata mata ta shigo garejin da Datsun 240Z ƙirar 1972, ruwan lemo, tana sheƙi. Sunanta Hajiya Salamatou, 'yar Damagaram, tafinta ce a wani ofishin ƙasa da ƙasa a Manhattan. Da kanta take tuƙa abarta, duk ƙarshen wata ta je garin Albany wurin 'yarta.

"Malam Ɗalha, mato ɗin nan giya huɗu gare ta," ta ce. "In na hau babbar hanya inji sai ihu, kamar ana yanka shi. An ce mini kai ne za ka sa mata ta biyar."

Ɗalha ya ji daɗi har cikin ransa, don rabonsa da irin wannan Datsun tun yana saurayi. Ya jawo guntun kwali da fensir ya shiga yi mata bayani.

"Hajiya, giyabos kaɗai ba ya isa. Aksul ɗinki na baya haƙori talatin da bakwai ne a kan goma sha ɗaya. In muka bar shi muka ƙara ta biyar, inji zai yi shiru, amma motar ta zama raguwa, tudu kaɗan sai kin sauko giya. In muka sa mai talatin da tara a kan goma, za ta tashi da zafinta a danja, ta hau tudun unguwarmu ba nishi, a babbar hanya kuma ta biyar ta kwantar da ita."

Ta dubi lissafin, ta ce ta yarda.

Bayan mako biyu aka sami giyabos na hannu wurin wani dattijo a New Jersey. Ɗalha da Muniru suka je dubawa. Muniru yana juya sandar giyar da hannu, Ɗalha ya kara sukurdireba a kunne, ya lumshe ido yadda ya saba. Bai ji komai ba. Bai kuma san ko lafiyar ƙarfen ce ko ta kunnen ce babu ba.

"Masta, kamar akwai ɗan gurnani a ciki," in ji Muniru.

Dattijon yana tsaye yana kallonsu. Ɗalha ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Lafiyarsa ƙalau. Ɗauko mu tafi."

Kwana huɗu suka yi suna aikin. Ranar Asabar da hantsi Hajiya ta zo gwaji. Kujera biyu ce a motar, don haka Ɗalha ya zauna gefenta, Muniru ya tsaya gareji. Motar ta tashi kamar an tsikare ta, Hajiya ta yi dariya. Suna hawa babbar hanya dariyar ta ɗauke.

"Mene ne wannan kukan?"

Ɗalha ya kasa kunne. Iska kawai yake ji.

"Wane iri, Hajiya?"

"Ba ka ji ba? Kamar sauro a cikin gwangwani. A ta uku yana yi, in na sa ta huɗu ya ɗauke, a ta biyar ya dawo."

Gumi ya karyo masa. Ko bai ji ba, bayaninta ya ishe shi. Kukan da ke ɗaukewa a giya ta huɗu kaɗai, boris ne a cikin giyabos, gurnanin da Muniru ya faɗa ke nan.

Suka dawo. Muniru ya taho yana goge hannu da tsumma, fuskarsa a sake. Hajiya ta fito ta ce ita fa ba haka aka yi da ita ba. Ɗalha ya ji bakinsa yana magana tun kafin ya yi shawara da zuciyarsa.

"Wurin ɗaurawa ne, Hajiya. Na bar wa Muniru ya daidaita, ga shi bai zauna daidai ba. Sai na sa hannu da kaina."

Hajiya ta juya ta dubi Muniru sama da ƙasa.

"To don Allah kada ya ƙara taɓa mini mato."

Muniru ya ninke tsumman ya sa a aljihu.

Ranar Lahadi Ɗalha bai iya cin abinci ba. Halimatu ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce gajiya ce. Ya yi ta juya maganar a ransa yana neman inda za ta yi sauƙi, bai samu ba. Ya zubar da mutuncin mutum a gaban baƙuwa, mutumin da ya faɗa masa gaskiya tun a New Jersey.

Litinin da safe ya tarar Muniru ya riga ya sauke giyabos ɗin, ya buɗe shi a kan tebur. Ya ɗauko boris ɗin ya sa wa Ɗalha a tafin hannu. Duk jikinsa ya ciccinye, ko makaho ya shafa zai gane.

"Muniru," Ɗalha ya ce, idonsa a ƙasa, "ban ji shi ba. Kunnena ya daɗe da…"

"Na sani, Masta."

"Ka sani?"

"Ya fi shekara biyu. Me ya sa kake gani kullum a damanka nake tsayawa? In mai mota ya yi magana na maimaita da ƙarfi kamar ni ne ban gane ba?" Ya ɗaga murya yadda Ɗalha zai ji sosai. "Rashin ji ba laifi ba ne, Allah ne ya kawo. Amma ka ce ban iya aiki ba, wannan kai ka kawo."

Ɗalha ya nemi wuri ya zauna a kan tsohuwar taya. Ashe duk wannan lokaci da yake ganin yana ɓoyewa, rufa masa asiri ake yi. Wannan ya fi ƙaryar ma ƙona shi.

Da Hajiya ta zo ranar Laraba, ya tare ta a bakin ƙofa, ya kira Muniru ya tsaya. Ya faɗa mata komai: zuwa New Jersey, gurnanin, kunnen, da ƙaryar da ya yi. Yana ganin makanikan garejin kusa sun tsaya da aiki. Hajiya ta wuce shi ta je gaban Muniru.

"Ka gafarce ni, ɗan'uwana. Na yi maka rashin adalci."

Shi kuwa Ɗalha, abin da ta ce masa kawai shi ne ya je asibiti.

Ya je. Yanzu yana sanye da ɗan abin ji a bayan kowane kunne, yana jawo hularsa ta rufe su. Muniru ne ya canza boris ɗin, motar ta daina kuka, lissafin haƙoran kuma ya fito daidai yadda Ɗalha ya zana. Sai da aka yi kusan wata biyu Muniru yana cin abincinsa shi kaɗai a cikin motarsa kafin ya dawo kan kwano, bai kuma sake ta da zancen ba.

Hajiya Salamatou har yanzu nan take kawo motarta, Muniru take miƙa wa makulli. Takan gaida Ɗalha da fara'a, ta tambayi iyali. Yakan amsa da ladabi, sannan ya tuna akwai wani aiki da ke jiransa can ƙuryar gareji, ya zauna a can har sai ta tafi.