Gwaggo Gyangyaɗi da Gwangwanin Maɓallai

A shagon ɗinkin da ke ƙasan bene, Gwaggo Gyangyaɗi kowa ke ce mata, kuma ba sharri aka yi mata ba. Tana cikin taka keke sai ka ji shiru, ka waiwaya ka ga goshinta a kan yadi. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar masifar dariya ce. Da zarar abu ya ba ta dariya sai gwiwoyinta su saki, hannuwa su mutu, duk abin da ta riƙe ya yi ƙasa, tana ji tana gani. 'Yarta tilo na da tabo a gira, tun ranar da ta yi wa uwar gwalo tana jaririya a hannunta, dariya ta sa uwar ta sake ta. Daga ranar Gwaggo ta ɗaure fuska. Mutane suka ce baƙin hali ne. Ina baƙin hali! Tsoro ne.

Sai da furfura ta cika mata kai sannan aka sa ta cikin wani bincike a asibiti. Likitoci suka manna mata wayoyi a ka, suka kwantar da ita da rana tsaka, suka ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake, suka ba ta ƙwayar gwaji. Ba a jima ba, ran nan mai gugar shagon ya zame ya kife da kwandon kaya. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, wallahi a tsaye ƙyam, almakashi na hannunta.

To, lokacin 'yar na da ciki. Gwaggo ta tambayi likita, "In binciken ya ƙare fa?"

"Maganin bai shiga kasuwa ba tukuna, Mama," in ji shi. "Ke dai ki sha yadda aka ce."

Bai shiga kasuwa ba! Wannan kaɗai kunnenta ya riƙe. Sai ta shiga tattali irin na tela da ba ya zubar da ƙyalle: ta sha ta yau, ta ɓoye ta gobe a gwangwanin maɓallai, don jikan da ke tafe. Gwajin jini ya tona mata asiri, aka gane ba kullum take sha ba.

"Haba Mama, me ya kai ki?" Likita ya dafe kai. "Dole mu cire ki, ƙa'ida ce. Waɗanda suka kammala binciken fa za a ci gaba da ba su maganin."

Ta roƙe shi har da durƙuso, bai da yadda zai yi. Zancen gwangwani dai ba ta yi masa ba.

Aka haifi namiji. Gwaggo ta buɗe gwangwani ta koma shan ƙwayoyin, ta yi ta ɗaukar jikanta, tana masa wanka, tana "angona, angona". Shi kuwa sai barci, jariri ina ya san wasa? Ƙwayoyin suka ƙare tun bai fara gane fuska ba.

Wata safiya yana hannunta a tsakar ɗaki, ya ɗago ido ya washe mata dasashi, har da 'yar ƙara. Ta ji abin ya taso mata, gwiwa ta fara rawa.

"Karɓe shi! Maza karɓe shi!"

'Yar ta fizge shi. Gwaggo ta zube a kan tabarma, tana dariyar da ta fi kuka ciwo.

Yanzu yaron yana rarrafe. In ya nufo ta yana ƙyalƙyala dariya, sai ta cije leɓe ta juya fuska bango. Kwanan nan ya daina nufo ta.