Zanen Baban Hafsa a Marjandafak

Mun tashi daga Azare da asuba, kwana tara bayan na fita takaba, ni da ƙanin mijina. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni Njamena alhali wanda zan je dominsa ya riga ya kwanta dama. Na ga gara in rubuta, don in na fara faɗa da baki muryata ba ta kai ni ƙarshe.

Shekara uku mijina, Baban Hafsa, ya yi a can, a wani ƙaramin ofis da ke haɗa manhajar kwamfuta. Aikinsa na ƙarshe na dillalan shanu ne na unguwar Farsha, don a san kowace dabba daga ina ta fito, wa ya kawo ta, an yi mata allura ko ba a yi ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, can aka yi masa sutura. Ina cikin takaba wata abokiyar aikinsa, Madam Zenaba, ta yi ta bugo wa ƙaninsa waya. Ta ce akwai takardun da ya yi zane a kansu, an nema an rasa, ko ya kawo su gida? Bai kawo ba. Ta ce in ba a same su ba kafin dabbobin layya su fara shigowa, dillalan za su koma ga tsohon littafinsu, a goge aikin. Wato shekara ukun da muka yi muna ganinsa daga sallah sai sallah su tafi a banza. Abin da ya tayar da ni ke nan.

Daga Azare zuwa Maiduguri hanya ba laifi. A Potiskum muka karya da ƙosai, na ci biyu na ba wata mai goyo sauran. Mun kwana a Maiduguri wurin dangi, da safe muka kama hanyar Gamboru. Wannan hanya kam sai wanda ya bi ta. Bayan Dikwa kwalta takan ɓace ta dawo kamar mai wasan ɓuya, direba ya sauka cikin baƙar ƙasa mai tsagewa, babu itace sai ƙaya jefi-jefi. Wani dattijo a gabana ya ce duk wanda ya bi ta sau uku an yafe masa rabin zunubinsa. Aka yi dariya. Na juya in ga ko Baban Hafsa ya ji, sai na ga buhun albasa a gefena. Ya bi hanyar nan ya fi sau goma, bai taɓa ce mini tana da wuya ba.

Muka tsallaka Fotokol, muka ratsa guntun ƙasar Kamaru zuwa Kusuri. Shinge bayan shinge, kowane soja da irin gaisuwarsa. Ana la'asar muka hau gada, ruwa na walƙiya a ƙasa, masunta a tsaye cikin kwalekwale. Ƙanin mijina ya nuna da haɓa ya ce, "Ga garin nan." Tun safe ita ce maganarsa ta uku.

Njamena gari ne shimfiɗaɗɗe, mai zafi, mai tasi ruwan ɗorawa da babura. Larabcinsu ake ji ko'ina, allunan shaguna kuma da Faransanci. Nama da kifi suna da sauƙi, amma tumatir sai ka ce daga Makka aka ɗauko shi. Tasi ya sauke mu a Marjandafak, tsohuwar unguwa a gefen kasuwa, inda Baban Hafsa ya yi haya a gidan wata tsohuwa, Hajiya Kaltume. Kakanninta mutanen Haɗeja ne da suka kama hanyar hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare a nan, suka zauna. Hausarta irin ta kakata ce, sai dai takan tsoma Larabci a ciki. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ya muka ji da haƙuri? Allah ya ji ƙan Malam." Ta kawo kisar, wata siririyar waina mai tsami, da miyar kuɓewa da ruwan zoɓo.

Ƙanin mijina ya sauka wurin abokan kasuwancinsa, ni aka buɗe mini ɗakin marigayi. Katifa, buta, riguna huɗu a jikin ƙusa, da hular da na ɗinka masa shekarar aurenmu. Na bincika ko'ina, babu takarda ko ɗaya. Na tambayi Hajiya, ta ce 'yan ofis ma sun zo sun duba, ta kawar da kai ta shiga zancen zafi.

Washegari na je ofishin. Ɗaki biyu ne, kwamfuta huɗu, da injin wuta yana ƙugi a waje. Madam Zenaba doguwa ce, ba ta kai shekaruna ba. Hausarta ta kasuwa ce, rabinta a bakin Baban Hafsa ta koya, har "to madalla" ɗinsa na ji a bakinta, sai da na nemi kujera. Ta nuna mini gilashin kwamfuta: akwatuna ne, kowanne da suna, layuka sun haɗa su. Ta ce a da sai mutum ya zauna ya rubuta wa na'ura umarni layi-layi, wata da watanni. Su kuwa zane suke yi, su ce ga dabba, ga mai ita, ga yadda suka haɗu, sai na'urar ta karanta zanen ta rubuta umarnin da kanta. Tana ta neman kalma don in gane, na ce mata na gane. Kafin ya tafi karatu Baban Hafsa mai zanen hula ne, ni kuma mai bi da zare. Mai zane ya zana, mai ɗinki ta bi.

Matsalar ita ce zanen da ke cikin kwamfutar tsoho ne, dillalai sun ƙi shi. Baban Hafsa ya yi wata biyu yana zama da su a Farsha yana gyarawa a takarda, saboda wuta ba ta zama, bai kai ga shigarwa ba. Bayan rasuwarsa sun gwada gyara umarnin da hannu, amma duk lokacin da na'urar ta sake bin tsohon zane sai gyaransu ya ɓace. Wannan ma na sani. In zane ya karkace, ko sau nawa ka farke ɗinki, a karkace zai dawo.

Da na koma gida Hajiya tana tsince shinkafa a inuwa. Ta ce, "Wai me suke nema ne haka?" Na durƙusa na zana mata da yatsa a ƙasa, akwati, layi, wani akwati. Hannunta ya tsaya cikin tire. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan abu daga ƙarƙashin gado. Tukunya ce an ɗaure bakinta da tsumma.

Ta ce, "'Yata, ki yafe ni, na yi miki ƙarya jiya. A ƙarƙashin katifarsa na same su ranar da aka fita da shi. Gida-gida ne, da baƙaƙen Larabci, ga kibiyoyi. Ni jikar malamai ce, na san hatimi in na gan shi. Na gwada karantawa da wannan idon nawa, ba aya ba ce, ba addu'a ba. Mutumin da bai taɓa rasa jam'i ba, in bari 'yan ofis su ɗauka a yi ta yawo da shi ana cewa ashe tsibbu yake yi?"

Sau biyu, in ji ta, ta kai tukunyar bakin kogi don wani masunci ya nutsar da ita, sau biyu ta dawo da ita, don amana ce, ba ta da ikon zubarwa sai mai ita ya zo.

Na kwance tsumman. Takardu ne manya, da fensir, an naɗe su. Rubutunsa ne, ajamin da mahaifina ya koya mana a zaure ɗaya, wanda yake rubuto mini wasiƙa da shi. Na daɗe ina kallo kafin idona ya yarda ya karanta. Na ɗora yatsa a akwatin farko na ce, "Saniya."

Hajiya ta ce, "Na'am?"

"Saniya, Hajiya. Wannan kuma mai ita. Wannan dillali. Wannan allura."

Ta zauna daɓas a kan tabarma. Ta ce, "Wata biyar ina kwana da shanu a ƙarƙashin gado, ina tofa musu Falaƙi da Nasi." Muka yi dariya har ta koma abin da ta koma. Shi ne kukan farko da na yi tare da wanda ya san shi a garin nan.

Samun takardun bai gama aiki ba. Madam Zenaba ta san baƙaƙen, amma ba ta jin abin da suke faɗa, don Hausar gida ce ya rubuta, a gajarce. Haka na zauna kwana uku a kujerarsa, ina karantawa tana zanawa a kwamfuta. In wuta ta ɗauke mu jira, ta sha shayi, ni in kalli bango. A rana ta biyu muka kai ga abin da ya sa dillalai suka ƙi tsohon zane. Can an sa mai dabba da mai saye kawai. Shi kuwa ya ƙara akwati a tsakiya ya rubuta "mai masauki", wato mutumin gari da baƙon makiyayi yake sauka a gidansa, wanda yake tsaya masa in dabba ta zama ta sata ko mai ciwo. A Farsha ba a cinikin baƙo sai da shi. Madam Zenaba ta dafa kai ta ce wata biyar suna nema, ashe mutum ɗaya ne ya ɓace musu.

A rana ta uku ta danna wani wuri, rubutu ya yi ta gudu a gilashi kamar tururuwa, muna zaune ba mai taɓa komai. Ta ce nan gaba haka za a riƙa yi ko'ina, kowa ya zana abin da yake so na'ura ta ɗinka masa. Ban yi mata musu ba, ta fi ni sani.

Kafin mu taho ta kai ni Farsha. Tun daga nesa warin mayanka yake tarar mutum, ga ungulaye a kan katanga, ga shanu masu manyan ƙaho. A wata rumfa aka kunna kwamfutar gaban shugaban dillalai, wani tsoho mai jan rawani. Aka shigar da bijimi ɗaya, na'urar ta tambayi mai masaukinsa. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu ta yi hankali." Da aka gaya masa ko ni wace ce, ya sauke murya ya ce, "Matar Malam mai zane? Ya sha shayinmu ya fi a ƙirga. Tambaya gare shi kamar alƙali. Allah ya sa ya huta." Daga nan muka biya maƙabarta. Ƙanin mijina ya shiga, ni na tsaya a bakin katanga na yi masa addu'a.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, ba ta gyaru ba. Hajiya ta cika mini jaka da busasshen kifi da zoɓo, ta ce tukunyar kuwa ba za ta sake dafa komai a ciki ba. Madam Zenaba ta bar mini takardun, tunda sun shiga kwamfuta. Mun iso Azare ana kiran magariba, Hafsa ta taro ni a ƙofa tana tambayar tsaraba.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Na'ura za ta iya ɗinki, ta fi mu sauri, amma abin da aka zana mata kawai take bi. Sai wani ya je ya zauna a rumfa, ya sha shayin mutane, ya yi ta tambaya har ya gane wanda ba a ciniki sai da shi. Na kuma koyi cewa wanda ya ɓoye maka abu ba lallai maƙiyinka ba ne. Da na riƙa jin haushin aikin nan da ya raba mu, ban san sana'armu ta zaure ce ya tafi da ita ba.

Akwai takarda ɗaya da ban karanta wa Madam Zenaba ba, don ba ta shanu ba ce. A bayan ta ƙarshe ya zana hula, rabi ya gama, rabi bai kai ba, ya rubuta a ƙasa, "na uwar Hafsa". Na kwafe zanen a kan yadi, na fara bi da zare shuɗi. Na kusa kai wa inda fensirinsa ya tsaya, shi ya sa nake ɗinkin a hankali.