Kujerar Malama Rabi'atu a Gindin Tanda

Faɗan farko da Malama Rabi'atu ta yi da Yagana mai masa, a ƙofar firamaren Gwallaga aka yi shi, kuma ba ta ji da daɗi ba. Fitowa ta yi da bulala a hammata, wai a kwashe tanda a bar wajen, hayaƙi yana shiga aji yana hana yara fahimta. Yagana ko ɗagowa ba ta yi ba, tana juya masarta ta ce, "To Malama. Kwanon naki da ake aikowa kullum da safe fa, in kai miki gida ko a bari?" Masu keke da ke jiran fasinja suka kwashe da dariya. Malama ta juya, har takalminta ɗaya ya so ya tsaya a baya.

'Yar wani tela ce a Wunti, ita Malama, ta tashi cikin ƙarar keken ɗinki, shi ya sa ba ta iya magana a hankali ba. Shekara ashirin da shida tana koyarwa, goma daga ciki ita ce mai ladabtarwa, kuma wannan muƙami ta fi son sa a kan gwal ɗin aurenta. Kowace Litinin a taron safe sai ta tsaya gaban yara ɗari bakwai ta ce duk wanda aka ci zalinsa ya ɗaga hannu. Wa zai ɗaga, mai cin zalin yana tsaye a bayansa yana numfashi a ƙeyarsa? Sai ta shaida wa hedimasta makaranta lafiya lau.

Amma da an fita tara, ta taga take kallon abin da ke cin ranta. Yaran da ke canza hanya in sun hango ta, su ne ke tsugune kewaye da Yagana, ana Iya kaza, Iya kaza, ana raɗa mata a kunne. Mace ko sunanta ba ta iya rubutawa! Malama takan ce man gyaɗa ne kawai ke jan su, ta ja tsaki, ta koma tagar.

Sai wata Fatu 'yar aji biyu, daga wajen Gubi, ta daina zuwa. Babanta Hammawa ya zo bin ba'asi, ya wuce ofis ya nufi gindin tanda. A can ya ji cewa wasu 'yan aji shida su uku ke ƙwace wa 'yarsa masa, suna toshe hanci wai tana warin shanu. Maganar ta kai ga Alhaji Ja'afaru, shugaban iyayen yara, ya ce a taro mai zuwa za a duba ko Malama ta gaji, a ba wani aikin, tunda mai masa ta fi ta sanin makarantar.

Ranar Malama ba ta iya cin abinci ba. Washegari da tara ta ɗauko kujera ta dasa ta gefen Yagana, fuska a murtuke, ta ce iska ta zo sha. Satar sirri ta zo yi, kuma Yagana ta gane. Ta bar ta ta sha hayaƙi kwana biyu kafin ta ce, "Ke tambaya kike yi, Malama. Ni hannu nake kallo. Akwai mai saya ba ya ci, akwai mai ci bai saya ba."

Malama ta ce ai ta daɗe da sanin wannan. Ƙarya take yi, Allah ya yafe mata. Amma ta kalli hannun. Cikin mako guda ta gano masu ƙwace har tara, ciki da ɗiyar ƙanwarta. Ba ta kira sunan kowa a taron safe ba. Ta sa a riƙa sakin ƙanana tun da wuri, su cinye a gabanta kafin manya su fito. 'Yan aji shidan nan uku ta kira iyayensu mata, aka rufe ƙofa, abin da aka faɗa a ciki har yau ba su maimaita ba. Da kanta ta hau keke zuwa Gubi ta dawo da Fatu. Ranar da yarinyar ta kawo mata ƙara ita, ba Yagana ba, sai da ta zagaya ta gaban tanda sau biyu don a gani.

A taron iyaye Alhaji Ja'afaru bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce gyara ya samu, amma dabarar ta mai masa ce, Malama kishi ne kawai ya fito da ita daga ofis, don haka a sake duba maganar muƙamin. Wasu suka goyi bayansa, wasu suka musa, aka yi ta ja har shayin hedimasta ya huce. Malama ta miƙe ta gyara mayafi.

"Kishi ne, Alhaji, ban musa ba. Nawa ya je har Gubi ya dawo da yarinya aji. Kai shekara shida kana kan kujerar nan, mai masa ta fi ka, ko kishin ba ka iya yi ba."

Alhaji ya sunkuya yana neman takalminsa, hedimasta ya ce a wuce magana ta gaba.