Yanyawar Bayan Gidan Alhaji

Shekarata ta farko a Amurka a gidan wan mijina na yi ta, a Pleasant Garden, kudu da Greensboro. Alhaji muke ce masa. Shi ya kawo mijina daga Maradi, shi ya sama masa aiki a wani sito da ke Wendover, don haka a gidan nan in ya yi magana an gama. Gida ne mai babban fili, bayansa duk itatuwa. Ko gishiri ne ya ƙare sai an hau mota, ni kuwa ban iya tuƙi ba. Mijina aikin dare yake yi, da rana barci. Hajiya, matar Alhaji, tana da shagon kitso a cikin gari, sai bayan isha take shigowa. Ni kaɗai nake wuni da tukwane.

Tagar kicin tana kallon bayan gida, inda akwai wani tsohon ɗakin katako da ake jibge tarkace. Wata magariba ina wanke-wanke sai na ga wata dabba ta fito daga ƙarƙashinsa. Da farko na ɗauka kare ne. Da na ga bindinta da tsinin bakinta na gane yanyawa ce, sai dai ba irin tamu ta daji mai launin rairayi ba. Wannan ja ce, ƙafafunta baƙaƙe kamar ta sa safa. Ta tsaya ta shaƙi iska, ta waiwaya, sai ga 'ya'yanta uku sun biyo ta suna tuntuɓe da juna.

Daga ranar, in na idar da sallar isha sai in kashe fitilar kicin, in jawo kujera bakin taga. 'Ya'yan su yi ta kokawa a kan wani tsohon takalmi, ɗaya ya fizge ya gudu, sauran su rufa masa baya. Uwar takan ɓace cikin itatuwa ta dawo da ɓera a baki, ta ajiye, ta koma gefe tana kallo. Ban taɓa ganin ta fara ci kafin su ba. A gidan da nake wuni ba mai ce mini sannu, su ne suke sa ni dariya.

Ana nan sai Alhaji ya sayo kaji daga wata gona, ya ce ya gaji da naman kanti, zai riƙa yanka da hannunsa. Da kansa ya haɗa musu akurki da tsohuwar waya, ƙofar kuma igiya ce ke riƙe ta. Ya hana kowa taɓa su. Wata safiya aka tashi ƙofa a buɗe, gashin kaji ko'ina a ciyawa. Na san kwana ɗaya kafin nan, da yamma, waya ta ɗauke masa hankali ya shigo bai ɗaure ba, don ina tsaye a taga, na kuma gaya wa Hajiya ta tuna masa.

Amma ni aka ɗora wa. Muna da baƙi ranar, ina zuba musu miya, Alhaji ya ce ai amaryar ƙaninsa ce ke kiwon namun daji a gidansa, ita ke jefa musu ƙashi har suka saba. Wallahi ko ɓawon burodi ban taɓa jefa musu ba. Na kalli Hajiya, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Na kalli mijina, yana ta cin tuwonsa.

Washegari Alhaji ya dawo da maganin ɓera, ya kwaɓa da hanta. Na roƙi mijina ya yi masa magana, ko a toshe ramin su tashi su bar wurin. Ya ce in rufa masa asiri. Da Alhaji ya fita na je na tsince abin da na gani na zuba a shara, amma ya riga ya tura sauran can ƙarƙashin ɗakin da sanda, inda hannu ba ya kaiwa.

Wannan magani ba ya kashewa nan take. Kwanaki na yi ina kallo. Wasa ya fara tsayawa. Sai na ga uwar ta fito tun rana ba ta faɗi ba, abin da ba ta taɓa yi ba, tana tangaɗi, ta nufi inda famfon lambu yake ɗiga. Ta lashi ruwan, ta kwanta, ta tashi, ta sake faɗuwa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya zo yana tura mata ciki da hanci. Da safe na same ta a sandare, biyu daga cikinsu kusa da ita. Na ukun ban sake ganinsa ba.

Alhaji ya fito da shebur yana fara'a, ya ce in kawo leda. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Alhaji, kai ne ka bar ƙofa a buɗe. Ita abinci ta nema wa 'ya'yanta. Su kuma ƙananan me suka ci maka?"

Ya jingine shebur ya shiga ciki. Da yamma mijina ya zaunar da ni, ya ce a gidan mutumin nan muke, tuwonsa muke ci, sai na je na ba shi haƙuri. Na ce a kan me? Ya ce a kan shi babba ne. Na je na durƙusa a kan kafet ɗin falo, gaban Hajiya, na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri." Bai ɗauke ido daga talabijin ba ya ce ba komai, yarinta ce. Wannan durƙuson har yau in na tuna shi ƙirjina zafi yake yi. An yi mini ƙarya a gaban baƙi, an kashe abin da bai san hawa ba bai san sauka ba, ni ce kuma a ƙasa ina neman gafara.

Ban ƙara girka kajin nan ba. In ya yanka sai in ce kaina na ciwo, Hajiya ta fige abinta. Na matsa wa mijina lamba har muka kama ɗaki a wani bene kusa da wurin aikinsa.

Alhaji kuwa ya sami labari. Duk bikin suna ko walima sai ya ba da shi, labarin amaryar da ta yi wa yanyawa kuka, maza su yi ta ƙyaƙyata dariya. Maganar ƙofa ba ta taɓa shiga ciki ba. A sunan 'yata ta fari ma ya fara, a ɗakina, yana cin naman ragona. Na karɓi jaririyar daga hannun Hajiya, na shige ƙurya na ja ƙofa, ban fito ba sai da ya tafi.