Malam Garzali Mai Majigi da Kaboyinsa

Kullum da hantsi Malam Garzali zai buɗe shagonsa na gyaran rediyo a Gyadi-Gyadi, ya share ƙofa, ya zauna. Masu kawo gyara sun yi ƙaranci, kowa ya koma waya. Wata rana har la'asar ba wanda zai ce masa sannu. Amma ranar Asabar, da ya idar da sallar la'asar, sai ya tura ƙofa, ya yaye zanen da ya lulluɓe tsohon majiginsa.

Shi ne mai haska fim a wani gidan silima da aka rushe tuntuni. Abin da ya tsira da shi ke nan: majigin, da fim ɗin kaboyi guda marar kala. Kai, talauci ya yi wa fim ɗin nan katutu! Doki ɗaya ne, ɗan wasa ya sauka, bos ya hau. Wanda aka harbe a farko, shi zai dawo yana tsare kanti. Muryar ma ta lalace, don haka Malam ke yin maganar kowa da Hausa, har haniniyar dokin.

A da shagon cika yake yi. Yau mai zuwa ɗaya ya rage, Baba Iliya, tsohon malamin makaranta ɗan Filato da ke Unguwar Gano. Wannan fim ya fara kai matarsa Lydia kallo. Ta rasu, 'ya'ya sun watse, idonsa kuma ya tafi, ba ya gani. Asabar ɗin nan kaɗai ke fito da shi daga gida.

Bara ƙwan majigin ya ƙone. Malam ya karaɗe Kano, babu irinsa. Ni da nake maƙwabcinsa na ce ya gaya wa Baba gaskiya mana. Ya harare ni.

"In ya ji ya daina zuwa fa? Sai ya zauna a ɗaki shi kaɗai?"

Haka ya ci gaba da kunna injin yana ƙararsa, bango wayam, shi kuwa yana zubo fim daga ka. Na zauna na gani da idona, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Malam Garzali, kai ne ɗan wasan, kai ne bos, kai ne dokin. Gwanin majigi, ba a taɓa tafa maka ba, ko a zamanin silima kana can baya a ɗakin inji.

Makon jiya na raka Baba Iliya ya hau adaidaita. Ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ai na sani. Tun ranar na daina jin ɗumin fitilar a ƙeyata."

"To me ya sa kake zuwa, Baba?"

"In ban zo ba, wa zai yi wa fim ɗin?"

To Malam, yau ka ji. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma mutanen Tarauni, kowa ya leƙa tsohon da ke layinsa. In Asabar ta yi, ku biyo ta shagon. Bencin dogo ne, mutum ɗaya ke zama a kai.