Kuncin Gwada Burushi

Mijina mai zane ne. Ban ce mai fenti ba, don in aka kira shi haka ni na fi shi jin haushi. Fenti ai kowa ma yana shafawa a bango. Shi zane yake yi: ɗawisu da zaki a bayan gingimarin da ke kai auduga Funtua, allon shagon tela, kawunan samari a ƙofar mai aski, wani lokaci kuma makiyayi da tumakinsa a bangon ajin yara na majami'a. A Malumfashi muke zaune, ni ina koyarwa a firamare, shi yana aiki a rumfar da ya kafa a tsakar gida. Lokacin muna cikin jihar Kaduna, naira ba ta daɗe da shigowa ba, tsofaffi na nan suna lissafinsu da sule.

Gara in faɗi abin nan tun yanzu, don ban taɓa ɓoye shi ba. Yana saurayi ya yi kuturta. Asibitin mishan ya karɓe shi, ya sha magani shekara da shekaru har ya warke sarai. A can ya koyi karatu, a can aka yi masa baftisma, a can kuma wata ma'aikaciya ta gan shi yana zane a ƙasa da tsinke, ta ba shi burushinsa na farko. Yatsunsa ba su gutsure ba, ƙaramin na hagu ne kawai ya ɗan lanƙwashe. Amma ciwon ya tafi da jin da ke kan yatsun. Sai ya ɗauki murfin tukunya mai zafi bai sani ba, ni ce zan kwarara ihu kafin ya saki.

To, mai zane kuwa da yatsa yake sanin burushi. Kowa ka gani a shago zai shafa gashin a ɗan yatsa, ya ji laushi ko kaushi. Shi ba shi da wannan, sai ya nemo tasa hanyar.

Akwai wani Alhaji a kasuwar Funtua mai sayar da fenti da ƙusa da kwaɗo, shi ke sarin burushi daga Kano. Sun saba ƙwarai. In sababbi suka zo, Alhaji ba ya cewa zaɓi a nan. Sai ya naɗe masa su a tsohuwar jarida ya ce, "Malam, kai wa alƙaliya ta duba, wanda ta kora ka dawo da shi ranar kasuwa." Ni ce alƙaliyar. Ban taɓa taka shagon ba, amma duk layin sun san da zamana.

Manya masu kaushi, na jikin mota, ba su da wahalar gwaji. Ya kama gashin ya ɗan ja, in sili ya biyo hannunsa, an gama da wannan. Ya girgiza ƙarfen da ke riƙe da gashin ya ga ko yana motsi. Ƙananan su ne fitina. Zai tsoma ɗaya a kofin ruwa, ya yarfe, ya ɗaga shi sama ya ga ko gashin ya haɗe ya yi tsini ko ya rabu biyu. Sai ya ja layi da ruwan a kan takardar buhun siminti, ya danna, ya ɗaga, ya ga ko gashin ya miƙe ko ya kwanta. Wanda ya tsallake wannan duka, shi za a kawo gabana.

"Malama, a taimaka da kunci."

Haka yake cewa, ko ina tsakiyar tuƙa tuwo. Ni kuwa ba na rasa abin faɗa. "Haba baban yara! Fuskar tawa ce ta zama allo? Ka bari in sauke tukunya mana!" Sai ya tsaya yana murmushi da burushinsa a hannu, ya san zan zauna. In na zauna a kan turmi, sai ya ce in rufe ido. Ya dafa ƙaramin yatsansa na dama a ƙashin kuncina don hannun ya tsaya, sannan ya ja busasshen gashin daga gefen ido zuwa kusa da baki, a hankali. Mai kyau ba ka jin sili-sili, abu ɗaya kake ji yana tafiya. Marar kyau kuwa akwai sili ɗaya ko biyu da suka fi sauran tsawo, sai ka ji suna yakushi a gefe. Ido ba ya ganinsu, amma a kan zane su ke ɓata ƙwayar ido ko bakin tsuntsu. Sai in ce, "Wannan yana da ƙaya," ko in ce, "Wannan lafiya lau." Wani lokaci ina sane zan ce ban ji da kyau ba, ya sake. Ina mita, amma wallahi babu abin da nake so a ranar kasuwa kamar wannan ɗan zaman.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai duk shekarun nan, shi ne Inna, mahaifiyata. A Gozaki take. Babana ne ya ba da aurena, ya ce mutumin da Allah ya warkar ba shi zai ce bai warke ba. Inna ba ta yi musu da shi ba, amma ba ta taɓa haɗiye maganar ba. In ta zo gidanmu, da moɗarta take zuwa, a ƙulle cikin ƙunshin kayanta, kada ta sha ruwa da wadda ke kan randarmu. In ya miƙo mata tsaraba, sai ta ce a ajiye a ƙasa. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ko yana tsaye a gabanta sai ta ce da ni, "Ki ce masa an gode." Mutane na cewa kunyar surukai ce, har ana yabonta. Ƙarya ce! Mijin ƙanwata ma ai suruki ne, ga shi tana karɓar goro daga hannunsa. Ni na san ƙyama ce, shi ma ya sani, sai dai bai taɓa furtawa ba. In na fara faɗa bayan ta tafi, sai ya ce, "Malama, uwa ce, ki bar ta." Wannan haƙurin nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Da Baba ya rasu, muka duba gida kaf babu hotonsa ko ɗaya. Mai hoto ya taɓa zuwa ƙauyen, Baba ya ce yana gona. Bayan an kwana biyu na ce da mijina ya zana mini shi. Ya ce zai gwada, don fuskar mutumin da ya ba shi mata ba ta ɓace masa ba. Ya samo falankin katako mai santsi, ya shafa masa fari, ya riƙa yi kaɗan-kaɗan in ya gama aikin mutane. Hula ta fito, gemu ya fito, da wuyan rigar saƙin da Baba ke sawa ran Lahadi. Saura idanu da billen da ke kuncinsa. A nan aikin ya tsaya, don ƙaramin burushin da yake ji da shi ya tsufa, gashin ya zube ya bar shi kamar tsohuwar tsintsiya. Ya rufe katakon da ƙyalle ya jingine a rumfa, ya ce sai Alhaji ya kawo sababbi.

Kafin su zo sai hangum ya shiga ajina. Yara suka yi ta kwanciya, ƙarshe ni ma ya kama ni, babba da ni! Kumatuna suka kumbura suntum, ko kunu da ƙyar nake haɗiya. Aka aika Gozaki, Inna ta hau mota ta zo jinya, da moɗarta kamar kullum.

Ran nan da safe na ga ta shiga rumfa korar kaza, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Na leƙa daga baya na ga ƙyallen da aka rufe katakon da shi ya koma a karkace.

Da la'asar mijina ya dawo daga Funtua a kan babur ɗinsa, da ƙunshin jarida a aljihu, fuskar nan cike da murna. Ya yi gwajin ruwa, ya yi na takarda, ya ware uku. Ina kwance a tabarma a inuwa, na ɗaure haɓa da ɗankwali. Ya tsuguna ya ce, "Malama, ko a goshi ne?" Na ce ya gwada. Ina! Zazzaɓi ya sa ko iska ta taɓa ni zafi nake ji. Yana ɗora gashin na ce, "Wayyo! Duk ƙaya ne, ɗauke, ɗauke!" Ya ba ni haƙuri, ya koma bakin rumfa ya zauna, yana juya su a hannu yana kallo. Ya shafa ɗaya a yatsansa, ko da ya san ba zai ji komai ba. Tausayinsa ya kama ni har na manta da ciwon.

Inna tana ƙofar madafa tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce da ni, "Tambaye shi, dole sai kuncinki?"

Na ce, "Inna, ga shi nan ai, yana jin ki."

Ta yi kamar ba da ita nake ba. Ta ajiye faifan, ta karkaɗe zaninta, ta jawo turmin nan ta zauna a kai. "Ki ce ya kawo."

Ni da shi muka dubi juna. Ya tashi kamar wanda aka kira gaban hedimasta, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da ita. Ya kama burushin a can ƙarshen sandar, ya miƙa hannu iya tsawonsa, don kada ko gefen rigarsa ya taɓa ta. Gashin ya taɓa kuncinta ya tsallake, ya sake taɓawa kusa da kunne. Inna ta buɗe ido.

"Ban ji komai ba," ta ce. Sai kuma ta dube shi, shi kansa, abin da ban taɓa gani ba tun ranar aurena. "Malam, ba haka na ga kana yi mata ba. Yaya za ka gwada abu kana gudunsa?"

Ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa, ta jawo shi kusa, ta ɗauki ƙaramin yatsan ta ɗora a ƙashin kuncinta da kanta, ta rufe ido. "To, ja."

Ya ja. Ina kallon yatsan nan a kan fatar uwata, na san shi ba ya jin ɗuminta, ita ce ke jin nasa. Hawaye suka zubo mini, suna bi ta kan kumburin suna yi mini zafi, ban share ba.

"Wannan yana yakushi," in ji Inna. Ya ɗauko na biyu. "Wannan ma, kaɗan." Da ya ja na ukun ta daɗe ido a rufe har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Sake." Ya sake. Ta ce, "Da wannan za ka yi masa ido. Billen kuma ka saukar da shi ƙasa kaɗan, na ga inda ka ɗiga alama, ya yi sama da yawa. Ni na san inda yake."

Washegari ya yi idanun, tana zaune a bakin rumfa tana gyara masa. Ta ce na hagu ya fi ƙanƙanta, Baba yakan ɗan kanne shi in zai yi dariya. Ya dama fenti, ya goge, ya sake, ba ta gaji ba, shi ma bai gaji ba. Ni ina tabarma ina jin su, har na ji kishi, don rabona da a manta da ni a gidan nan haka na daɗe. Da ta tashi komawa shi ya ɗaure mata katakon cikin tsohon bargo, ya kai ta tasha, ya roƙi direba a bar ta ta riƙe shi a cinya kada a sa a saman mota.

Ba zan ce daga ranar ta zama mai surutu da shi ba. Kunya tana nan, ta gaske wannan karon. Sai bayan girbin dawa ta sake zuwa. Tana gaisawa da yara na kwance ƙunshinta zan shigar da kaya ɗaki: ga daddawa, ga kuɓewa busasshiya, ga zaninta na zuwa majami'a. Na zazzage ƙunshin, na sake dubawa.

Na ce, "Inna, kin manta moɗarki a gida."

Ta harare ni ta ce, "Randar taku ba ta da moɗa ne?"