Ranar da Kawu Ya Tsaya wa Babana

Duk lokacin da na ji ƙarar injin haƙa rijiyar burtsatse sai gabana ya faɗi, ko da a gidan maƙwabta ne. Ina 'yar shekara tara yaƙi ya koro mu daga Chadi, muka sauka Bauchi, muka kama hayar ɗaki biyu a unguwar Ɗan Iya. Babana injiniyan ruwa ne, amma takardunsa da Faransanci suke, ga shi mutum mai gaggawa. Zai shiga ofis, ko gaisuwa bai gama ba ya baje takardu a kan tebur, sai a ce ya dawo jibi. Shekara biyu yana komawa jibi, yana gyaran janareto a bakin titi.

Ran nan na ji yana gaya wa Inna cewa in damina ta faɗi bai samu aiki ba, gida za mu koma, ko da ba a daina harbi ba. Tun daga ranar, ko gajimare ba na son gani.

Mai gidan da muke haya tsohon ma'aikacin ruwa ne da ya yi ritaya, muna ce masa Kawu. Inna ce ta roƙi matarsa. Kawu ya kira Baba, ya jujjuya takardun duk da ba ya jin Faransanci ko na sallama, ya ce zai taimaka bisa sharaɗi guda: kada Baba ya ƙara fito da takarda sai an tambaye shi. Daga nan ya shiga jan sa suna, ta'aziyya, ɗaurin aure, dubiya, ko'ina ba maganar aiki. Baba ya dawo yana huci, wai shi dutse da ruwa ya karanta, ba cin goro ba. Ni ma a raina na ɗauki tsohon nan mugu. Zafi sai ƙaruwa yake, alamar ruwa ya kusa, Inna har ta ɗaure kwanukanta a zani.

Wata Juma'a suka je yi wa wani mai kamfanin haƙa rijiya barka da dawowa daga Makka. Baba ya ba mu labarin ya fi sau ɗari. Ana cikin hira mutumin ya koka da wata gona a Inkil, sau uku suna haƙawa ba ko ɗigo. Baba ya kai hannu aljihu inda takardun suke, Kawu ya danne masa gwiwa. Sai da aka ci dabino, aka sha zamzam, aka miƙe za a tafi, sannan Kawu ya juyo kamar abin bai dame shi ba.

"Af, Alhaji, ka bar wa ƙanina gonar nan ya duba. In bai samo ruwa ba, ni ka kama."

Kwana huɗu ana haƙa inda Baba ya nuna, Inna ta kasa cin abinci, ni kuwa ina tsakar gida ina gadin sama. Rana ta biyar da la'asar Baba ya shigo jiƙe sharkaf, taɓo har gira, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Inna ta shiga ɗaki ta kwance zanin.

Sai da na girma na gane Kawu bai taɓa ganin Baba ya haƙa ko ramin shuka ba. Na tambaye shi, da ba a samu ruwan ba fa? Ya ce da shi ma ya ɗaure kwanukansa.

Yanzu abin ya zama shiri na musamman, ana haɗa baƙo mai ilimi da ɗan gari mai sana'a irin tasa. Akwai fom, akwai taro, kuma yana da amfani. Ni da na karanta haɗa magunguna, yanzu ni ce 'yar gari, an haɗa ni da wata baƙuwa 'yar Sudan. Makon jiya mai wani babban kemis ya tambaye ni ko zan tsaya mata. Wata uku kacal na san ta. Na ce masa ƙanwata ce. Gobe za ta fara aiki, yau ko abinci na kasa ci.